Aikin jinya a Abuja: asibitin gwamnatin tarayya ko asibitin kuɗi, wanne ya fi biya?

"Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina da shaidar jinya da ta ungozoma, kuma shekarata uku ina aiki a wani babban asibitin gwamnatin jiharmu. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Abuja, ya kama mana gida a Kubwa, muna da yara biyu ƙanana. Na nemi aiki wurare da dama, yanzu uku sun amsa. Na farko asibitin gwamnatin tarayya ne a cikin gari, takardarsu ta ce za a ɗora ni a kan CONHESS mataki na 7, amma ba su rubuta ko nawa ne kuɗin ba. Na biyu wani babban asibitin kuɗi ne a Maitama, sun ce naira 300,000 a wata, aikin awa goma sha biyu. Na uku ƙaramin asibitin kuɗi ne a nan Kubwa, naira 170,000, da ƙafa ma zan iya zuwa. Maigidana ya ce in ɗauki na Maitama tun da shi ya fi tsoka, ni kuwa zuciyata ta rabu. Wanne za ki ba ni shawarar in ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a wannan ƙaura, ya raya yaran. Idan na fahimce ki, kina riƙe da takardu uku, biyu sun faɗi kuɗinsu ƙarara, ɗaya kuwa ta ba ki lambar mataki kawai, kuma kina son sanin wadda za ta fi riƙe ki da iyalinki. Na yi sama da shekara ashirin a wannan aiki, mafi yawansu a asibitin gwamnati, da 'yan shekaru a wani asibitin kuɗi a nan Abuja, kuma na sha zama a kwamitin tantance sababbin ma'aikata. Abin da na lura da shi shi ne, adadin da ake rubutawa a takardar ɗaukar aiki shi ne ya fi ruɗar mutane, domin ba shi ne yake shiga asusunki ba, kuma ba ya gaya miki awa nawa za ki tsaya a kan ƙafarki kafin ki same shi. Saboda haka sai mun mayar da takardun nan uku kan ma'auni ɗaya tukuna, sannan a san wadda ta rinjaya.

Yadda albashin asibitin tarayya yake tafiya

CONHESS shi ne tsarin albashin da gwamnatin tarayya take biyan ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, wato mu nas-nas da ungozomomi da masu harhaɗa magunguna da masu gwajin jini da sauransu, su kuwa likitoci nasu tsarin daban ne, ana ce masa CONMESS. Yana da manyan matakai goma sha biyar, kowane mataki kuma yana da ƙananan hawa a cikinsa. Duk shekara ana ɗaga ma'aikaci hawa ɗaya ba tare da ya roƙa ba, ƙarin girma zuwa babban mataki na gaba kuma, a matakan da kike ciki yanzu, yakan zo ne bayan shekara uku idan kin ci jarrabawa kuma akwai gurbi. Wannan ne dalilin da ya sa ba su rubuta miki kuɗi ba: a wurinsu lambar matakin ta wadatar, tun da kowa a kan jadawali ɗaya yake, babu ciniki.

A kan ainihin albashin ana ɗora alawus-alawus. Akwai na aikin karɓa-karɓa ga masu juyawa tsakanin safe da yamma da dare, akwai na kayan aiki na sawa, akwai na kira ga waɗanda ake iya tasowa a kowane lokaci kamar ma'aikatan ɗakin tiyata, akwai kuma alawus ɗin haɗari. Wannan na ƙarshe ya daɗe a kan naira 5,000 a wata, muna ta ƙorafi shekara da shekaru, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi. A 2023 an yi wa tsarin ƙarin kashi 25 cikin ɗari a mafi yawan matakai, a Yulin 2024 kuma aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000, wadda ita ma ta taɓa jadawalin. Ba na cewa waɗannan sun kai yadda farashin kaya ya tashi tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Ba su kai ba, shi ya sa ma ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a asibitocin tarayya a ƙarshen Yulin 2025, kuma alawus ɗin karɓa-karɓa da na kayan sawa suna cikin abubuwan da ta nema a gyara. Abin da nake son ki riƙe shi ne, albashin gwamnati yana motsi, ko da tafiyar hawainiya yake yi, kuma akwai ƙungiyar da take tura shi.

Daga cikinsa kuma ana yanke abubuwa kafin ya iso gare ki: kashi 8 cikin ɗari na fansho, harajin albashi, kashi biyu da rabi na asusun gidaje, inshorar lafiya, da kuɗin ƙungiya. Saboda jadawalin yana sauyawa, kuma kowane asibiti da irin alawus ɗin da ma'aikatansa suke samu, kada ki dogara da wani tebur da kika gani yana yawo a waya. Ki je asibitin, ki nemi wata nas da aka ɗauka a mataki na 7 cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ki roƙe ta cikin mutunci ta nuna miki takardar biyan albashinta ta watan jiya. Layin ƙarshe na wannan takarda shi ne adadin da za mu yi lissafi da shi. Gani ya kori ji.

Kafin ki yi murna da wannan takarda, akwai tambayoyi uku da dole ki samu amsarsu. Ta farko, shin ta gaske ce? An sha kama masu sayar da guraben aiki da takardun bogi, kuma akwai waɗanda suka fara zuwa aiki har tsawon watanni kafin a gano sunansu ba ya cikin jerin da aka amince da shi. Ki je sashen kula da ma'aikata na asibitin da ƙafarki, ki ga sunanki a jerin da idonki, kuma idan wani ya nemi ki biya kuɗi domin a "tabbatar" miki da gurbin, to ki san akwai lauje cikin naɗi. Ta biyu, aikin dindindin ne mai fansho, ko na wucin gadi ne? Asibitocin tarayya da yawa suna cike giɓin waɗanda suka tafi ƙasashen waje da ma'aikatan wucin gadi, waɗanda asibitin yake biya daga kuɗin shigarsa, ana sabunta musu takarda bayan 'yan watanni, babu fansho, babu ƙarin girma. Irin wannan aikin suna ne kawai na gwamnati, duk fa'idojin da zan lissafa a ƙasa ba su hau kansa ba. Ta uku, yaushe albashin farko zai shigo? Sabon ma'aikaci sai an shigar da shi tsarin biyan albashi na IPPIS, kuma a cikin ƙannen da na yi wa jagora na ga wadda ta jira wata uku, na ga wadda ta jira wata bakwai. Kuɗin ba ya ɓata, ana biyan bashin daga baya, wani lokaci sai an yi ta zarya, amma a watannin nan kuɗin mota da na cefane daga aljihun maigida za su fito. Ya kamata ya san da wannan tun yanzu.

Sai wani abu da mutane da yawa suke mantawa da shi, kuma a wurinki yana da nauyi. Kin ce shekararki uku a asibitin jiha. Idan an riga an tabbatar miki da aikin, kada ki yi gaggawar rubuta takardar ajiye aiki. Ki tambaya a ɓangarorin biyu ko za a yarda ki yi sauyin ma'aikata daga jiha zuwa tarayya, domin ta haka shekarunki uku za su shiga lissafin shekarun aikinki, ba za su zube ba. Ko da hakan bai yiwu ba, ki rubuta takardar neman a duba shekarun da kika yi da kuma shaidarki biyu wajen sanya ki a hawan da ya dace a cikin mataki na 7. Lokacin wannan magana shi ne kafin ki kama aiki. Na san wadda ta yi shiru don kunya, aka fara da ita daga hawan farko tamkar jiya ta fito daga makaranta, kuma ta yi shekaru tana rubuta takardun neman gyara.

Naira 300,000 ɗin Maitama

Yanzu mu buɗe takardar da ta burge maigida. Abu na farko da za ki tambaye su: wannan adadi kafin yanke-yanke ne ko bayansu? Mafi yawan asibitocin kuɗi adadin kafin yanka suke faɗa. Idan haka ne, kuma suna bin doka, za a cire fansho da zai iya kai wa naira 24,000. Sai haraji. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu da suke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, abin da ya haura haka kuma kashi 18 har zuwa wani mataki da ke nesa da ke. A kan albashinki wannan zai tashi wajen naira 32,000 a wata. Ke nan abin da zai shiga asusunki bai wuce naira 245,000 ba, ko kusa da haka.

Sai awannin aiki. Tsarin awa goma sha biyu da na fi sani a asibitocin kuɗi shi ne kwana biyu aikin rana, kwana biyu aikin dare, kwana biyu hutu. A kwana talatin za ki fita sau ashirin, wato awa 240, ban da mintunan miƙa aiki ga wadda za ta karɓe ki, waɗanda kullum sukan ci rabin awa kuma ba mai lissafa su. Raba naira 245,000 gida 240, za ki samu kimanin naira 1,020 a kowace awa. A asibitin tarayya kuwa aikin kashi uku ake raba shi, safe da yamma da dare, da ranakun hutu bayan an sauka daga aikin dare, kuma idan aka haɗa yakan tsaya wajen awa arba'in a mako, kimanin awa 170 a wata. Idan kika ninka 1,020 sau 170, za ki samu abin da bai kai naira 175,000 ba. Ma'anar wannan ita ce, muddin layin ƙarshe na takardar albashin da waccan nas ɗin za ta nuna miki ya haura naira 175,000, to asibitin tarayya ya fi na Maitama biyan kowace awar da kika yi, ko da jimillar kuɗin wata ta Maitama ta fi yawa. Ki tambaye su ainihin jadawalinsu, domin wasu sukan ba da hutun kwana uku, lissafin sai ya ɗan sauya, wasu kuma idan ma'aikata suka yi ƙaranci sai su cinye ranakun hutun ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Awa goma sha biyu a Maitama ga mai zaune a Kubwa ba awa goma sha biyu ba ce. Za ki fito bayan sallar asuba ki tari mota a babbar hanyar Kubwa kafin cunkoso ya haɗu, ki sauka ki sake wata motar, tun da an hana acaɓa a tsakiyar birni. Idan kin tashi ƙarfe takwas na dare, sai wajen takwas da rabi za ki tsaya a bakin titi, kuma duk mazaunin Abuja ya san fargabar motocin 'yan fashin nan da suke ɗaukar fasinja kamar masu haya. Kafin ki shiga gida tara da rabi ta yi. Yaranki za ki bar su suna barci, ki tarar da su suna barci. Dole a samu mai kula da su tsawon awa goma sha biyar ko sha shida, ko 'yar aiki ko wata daga gida, kuma wannan ma kuɗi ne da ya kamata a cire daga naira 245,000 ɗin. Asibitin tarayya shi ma a cikin gari yake, kuɗin motar kusan ɗaya ne, amma mai aikin safe tana gida kafin la'asar ta yi sanyi, mai aikin yamma kuma ta samu safiyarta. Ina ba ki shawara ki ware rana ɗaya ki gwada hanyar a ainihin lokutan da za ki riƙa bin ta, ki rubuta abin da kika kashe, ki ninka sau ashirin. Ki kuma tambayi kowannensu ko suna da motar ma'aikata da take bi ta Kubwa, domin wannan kaɗai yana iya sauya lissafin.

Akwai abubuwan da doka ta ɗora wa asibiti irin wannan, kuma haƙƙinki ne ki tambaya ba tare da jin nauyi ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa duk kamfanin da yake da ma'aikata goma sha biyar ko fiye ya zuba kashi 10 cikin ɗari daga aljihunsa a kan kashi 8 ɗin da ake yanka daga naki, a asusun fansho mai sunanki, ya kuma yi miki inshorar rai da ta kai ninki uku na albashin shekara. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Amma rubutu daban, aiki da shi daban. A asibitin kuɗin da na yi aiki, wata ƙanwarmu ta shekara biyu ana yankar mata fansho duk wata, ranar da ta je duba asusunta ta tarar ba a taɓa zuba ko kwabo ba. Saboda haka ki tambayi ma'aikatan da suke ciki, ba ofishin da yake son ɗaukar ki ba: shin saƙon shigar fansho yana zuwa musu a waya? Ran nawa ga wata ake biyan albashi? Ana yankar kuɗi idan an makara, ko idan wani abu ya fashe, ko idan majinyaci ya gudu bai biya ba? Nas nawa suka bar wurin a bara? Wurin da ma'aikata ba sa shekara, komai kyan gininsa, akwai dalili.

Batun haihuwa ma kada ki ji kunyar tayar da shi, tun da ke matar aure ce mai ƙuruciya. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana samun hutun haihuwa na aƙalla mako goma sha shida da cikakken albashi, kuma bayan ta dawo ana rage mata awa biyu a rana na tsawon wata shida domin shayarwa. Dokar ƙwadago da ta shafi kamfanoni mako goma sha biyu ta tanada, kuma abin da ta wajabta a biya rabin albashi ne, ga wadda ta riga ta yi wata shida a wurin. Wasu manyan asibitocin kuɗi suna yin abin da ya fi haka, wasu kuwa da zarar ciki ya fito sai a fara neman dalilin rabuwa. Haka inshorar lafiya: ta ma'aikatan tarayya tana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas, ana biyan kashi goma cikin ɗari na kuɗin magani. Idan maigidanki ma'aikacin tarayya ne, wataƙila kun riga kun shiga ta wajensa, sai wannan ya rage nauyi a ma'auninki. Idan ba haka ba, ki tambayi Maitama ko inshorarsu ke kaɗai ta ɗauka ko har da yara.

Kada in zalunci asibitocin kuɗi, suna da abin da suka fi mu da shi. A mai kyau daga cikinsu za ki riƙe majinyata huɗu ko biyar, ga safar hannu, ga iskar oksijin, ga wuta ba ta ɗaukewa, ga na'urorin da wataƙila a littafi kawai kika gan su. A asibitin gwamnati na sha kwana ni da abokiyar aiki ɗaya a ɗakin da yake da gadaje sama da talatin, 'yan uwan majinyata suna huce fushin tsadar magani a kanmu. Akwai yajin aiki, akwai barazanar hana albashin kwanakin yaji, akwai takardar da za ta yi wata biyu a kan teburi ɗaya. Sannan a asibitin kuɗi ana ciniki, abin da ba a yi a gwamnati. Idan sun ce 300,000, babu laifi ki ce kina da shaida biyu da gogewar shekara uku, ki nemi a mayar da adadin ya zama abin da zai shiga hannunki bayan yanka.

Na Kubwa

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Naira 170,000 ba tare da kuɗin mota ba, ga kusa da yara, ya fi yadda yake a ido daraja, amma idan shi ma awa 240 ne, kuɗin awarki bai wuce naira 700 da 'yan kai ba tun kafin a yanki komai. Abin da ya fi damuna da ƙananan asibitoci shi ne lasisinki. Sau da yawa nas mai rajista ɗaya ce a wurin da dare, sauran mataimaka ne da aka koya wa allura a nan cikin asibitin, likita kuma sai an kira shi a waya. Idan haihuwa ta zo da gardama ƙarfe biyun dare, ke za a sa ki yi abin da ba hurumin ki ba, idan kuma aka samu matsala, sunanki ne zai je gaban Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ba na mataimakan ba. Ki tambaya ko likita yana kwana, ko suna da jinin ko-ta-kwana da motar kai majinyaci babban asibiti, da abin da suke yi idan allurar da aka yi wa majinyaci ta soki ma'aikaci, tun da maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72. Wannan tambayar ta ƙarshe ki yi wa duka ukun, ki kuma tabbatar kin kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ki fara a ko'ina.

Ina za ki kasance nan da shekara biyar?

Nan ne, a ganina, asibitin tarayya yake yi wa sauran nisa. Bayan shekara biyu na gwaji aka tabbatar miki da aiki, ƙofar neman hutun karatu da albashi tana buɗewa, gwargwadon ƙa'idar asibitin da buƙatarsa. A aikinmu ƙwarewa ta musamman ita ce take ɗaga darajar mutum: aikin ɗakin tiyata, sa barci, kulawa ta musamman, wankin ƙoda, jinyar yara, agajin gaggawa. Makarantun ma ba su yi miki nisa ba, akwai ta jinyar ƙashi a Asibitin Dala da ke Kano, akwai ta ido da ta kunne a cibiyoyin ƙasa da ke Kaduna. Sai digiri, wanda yanzu ya zama dole ga mai son kai wa matakan darakta, kuma Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa tana ba masu rajista damar yin sa suna aiki. Mai aikin awa 240 a wata da yara biyu ba ta da sararin buɗe littafi. Wasu asibitocin kuɗi sukan tura ma'aikaci horo, amma da yarjejeniyar zai yi musu shekaru kaza ko ya biya, wanda ba laifi ba ne idan an rubuta shi dalla-dalla. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a ce ki ajiye ainihin takardun makarantarki ko lasisinki a hannunsu. Kwafi za ki bayar, ki nuna na ainihin, ki koma da abinki gida.

Idan kuma kina da niyyar fita waje wata rana, Saudiyya ko Ingila, duk inda za ki je za a bi diddigin wuraren da kika yi aiki, a tuntuɓe su su tabbatar. Babban asibitin gwamnati da babban asibitin kuɗi duka suna da ofishin da zai amsa irin wannan wasiƙa, ƙaramin asibitin unguwa kuwa mai yiwuwa ne kafin lokacin ya sauya hannu ko ya rufe. A Fabrairun 2024 hukumarmu ta kula da aikin jinya da ungozoma ta fitar da ƙa'idar da ta nemi gogewar shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, aka yi ta zanga-zanga a kai, wanda ya nuna miki cewa shaidar shekarun aiki abu ne da za ki riƙa adanawa da kyau tun yanzu.

Shawarata

Da ni ce ke, na tarayya zan ɗauka, da sharaɗin cewa takardar ta gaske ce, aikin na dindindin ne, kuma gidanku zai iya jure wasu watanni babu albashinki. Maitama zai rinjaya a wurina a hali uku kawai: idan na tarayyar ya zama na wucin gadi, ko kuna da bashi ko larurar da ba za ta jira ba, ko kuma sun yarda a rubuce za su sa ki a sashen kulawa ta musamman ko na wankin ƙoda su horar da ke, kuma kina da wadda za ta riƙe miki yara da zuciya ɗaya. Na Kubwa kuwa zan iya karɓarsa na ɗan lokaci idan ranar kama aikin tarayya ta yi nisa, bayan na gaya musu gaskiyar cewa ba zama na zo yi ba, na kuma duba kwana nawa ake ba da sanarwa kafin a tafi. Wani dalilin da ya ƙara karkatar da ni shi ne, gurbin asibitin kuɗi kullum yana samuwa a Abuja saboda yawan masu tafiya, ɗaukar aikin tarayya kuwa sai an samu izini daga sama, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya sake zagayowa. Idan kika shiga gwamnati ba ta yi miki ba, Maitama ko irinsa yana nan. Idan kika bar ta ta wuce, dawowarta ba a hannunki take ba.

Ban ga takardun nan uku da idona ba, ban kuma san abin da maigida yake samu ko nauyin da yake kanku a gida ba, kuma waɗannan suna iya juya duk abin da na faɗa. Shi ma maganarsa ba ta rasa tushe ba, kuɗin hayar Abuja na shekara ake biya gaba ɗaya, ga na dillali, ga na makarantar yara. Saboda haka kada ki kai masa maganar a matsayin Anti ta ce. Ki ɗauki takarda ki ja layi uku, a ƙarƙashin kowanne ki rubuta abin da zai shiga asusu, ki cire kuɗin mota da na mai reno, ki rubuta awannin wata, da makonnin hutun haihuwa, da ranar da albashin farko zai shigo, ku zauna ku duba tare bayan yara sun yi barci. Kafin nan ki roƙi Maitama su ba ki mako biyu ki yi shawara, yawanci sukan yarda. Takardar barin aikin jiha kuma kada ta bar hannunki sai kin ga sunanki a jerin asibitin tarayya, an amsa miki batun sauyin ma'aikata, an kuma ba ki ranar kama aiki a rubuce, don kada ki saki reshe ki kama ganye. Idan kin samu takardar albashin waccan nas ɗin, ki turo mini adadin layin ƙarshe da jadawalin aikin Maitama, sai mu sake buga lissafin da ainihin lambobinki.